Tsawon Natani

Zipora Nakhumicha matar ƙanena ce, kuma tun ranar da aka kawo ta gidanmu na ce wa mahaifiyarmu Yonah ya auro rediyo. 'Yar wani tela ce a Chwele, a gindin keken ɗinki ta girma, ta iya yanka yadi da ido ba awo, ta kuma iya magana da allura a baki. In tana wanke-wanke tana magana, in tana tatsa da saniyar take hira, ranar Lahadi kuwa ita ke jan waƙa a coci har sai dattawa sun fara duba agogo. Ni Agneta, masara da wake nake sayarwa a kasuwar Kimilili, ba a bar ni a baya ba wajen surutu, amma ita na sallama mata. Mun yi faɗa ba adadi, yawanci a kan gishirin miya, mu shirya kafin shayi ya huce.

Yonah shi shiru-shiru ne, ga taurin kai irin na mahaifinmu. Da cocinmu ya ce yana neman wanda zai kai bishara Kambodiya, shi ya fara ɗaga hannu, bai shawarci kowa ba. Mayi, wato mahaifiyarmu, ta tambaye shi ko ƙasar tana gaba da Kampala ne. Suka tafi da 'ya'ya biyu, Keziya tana 'yar shekara huɗu, Natani kuma bai daɗe da fara tafiya ba. Mayi ce ta goye shi har tashar mota ranar, yana ta ja mata ɗankwali.

Shekara goma sha biyu suka yi a can. Yonah ya leƙo gida sau biyu shi kaɗai, don jirgin mutum huɗu ya fi ƙarfin coci. Zipora ta buɗe ajin ɗinki a ƙarƙashin gidansu, tunda gidajen can a kan dogayen turaku ake ɗora su, ta koyi yaren mutanen har ta fi mijinta, abin da bai ba kowa mamaki ba. Sai wani zazzaɓin cizon sauro, ba irin namu ba, ya kama Natani yana da shekara goma sha ɗaya. Kafin mu gama haɗa addu'a a nan, ya cika. Yonah ya binne shi a wani ɗan fili da 'yan cocinsu suka samu a bakin gonar shinkafa, sannan ya bugo mana waya.

Sai bayan ya binne ya bugo, kuma wannan ne Mayi ta kasa haɗiyewa. A wurinmu ko a Mombasa mutum ya mutu sai an ɗauko shi ya kwanta a gonar ubansa, ko da za a sayar da saniya. Ni ma na ji haushi, na kuma faɗa masa a waya da muryar da duk layinmu na kasuwa ya ji. Ya ce ƙasa duk ta Ubangiji ce. Na ce to, ya zo ya gaya wa Mayi haka da bakinsa.

Bayan shekara biyu coci ya kira su gida, ni na je tarbarsu a tasha. Yonah ya sauko da furfura a kai. Keziya ta zama budurwa, ta haɗa tafin hannayenta a ƙirji ta sunkuyar da kai ta gaishe ni, har 'yan acaba suka fashe da dariya suna cewa Fasto ya dawo da 'yar Sin. Na daka musu tsawa. Zipora ce ta sauko a ƙarshe. Na rungume ta, ƙasusuwa kawai na ji. Na jira a kunna rediyo, sai ta ce, "Mulamwa, mun same ku lafiya?" Haka muke kiran juna ni da ita, dangin miji da matar ɗan'uwa. Iyakar abin da ta ce ke nan har muka isa gida.

Gidana suka sauka, saboda ɗakin da Yonah ya gina a gidan mahaifinmu gara ta gama da shi tuntuni. Baƙi ba su bar mu mun numfasa ba. Kowa ya zo sannu da zuwa idonsa na kan akwatuna, an ɗauka duk wanda ya hau jirgi da kaya yake dawowa. Matan zumunta suka zo da waƙa, suka ce Zipora ta ja musu baiti ɗaya irin na da, ta ce maƙogwaronta na ciwo. Keziya kuwa cire takalmi take a kowace ƙofa, har ƙofar shago, ta tsakuri ugali, tuwon masararmu, kamar magani, da safe ta nemi shinkafa. Sanyin dutsen Elgon ya sa ta yini cikin rigar sanyina, hannun rigar ya rufe mata yatsu.

Wata yamma muna tsintar wake a bayan gida, na ce wa Zipora zan sa kafinta ya kawo babban gado, kada su ci gaba da kwana a ƙasa.

"Kada ki wahalar da kanki, mulamwa," ta ce. "Ban zo zama ba. Rakiya na yi musu."

"Rakiya kamar yaya?"

"In an gama sujadar godiya ranar Lahadi, Litinin zan hau motar Nairobi. Bizata ba ta ƙare ba. Akwai wata gwauruwa a ajin ɗinkina, Chantha, ta ce tabarma ba za ta gagara ba."

"Ke Zipora, kanki ɗaya kuwa? Mijinki fa? 'Yarki fa?"

"Keziya ta girma, ga ki kuma. Yonah yana da coci." Ba ta ɗago daga faifan wake ba. "Natani shi kaɗai ne a can. Ba shi da kowa sai ni. Tun da na sauka a jirgin nan ji nake kamar na bar yaro a kasuwa na taho."

Na san ta. Zipora ta da in ta ce za ta yi abu, sai ta yi ta faɗa har ya salance, ƙarshe ba ta yi. Wannan sau ɗaya ta faɗa, kuma a hankali. Ta roƙe ni kada in gaya wa Mayi, na ce ban yi alkawari ba.

Washegari ni da Yonah muka hau acaba zuwa ƙauye wurin Mayi, Zipora ta ce kanta na ciwo. Tun isowarsu ba ta taka gidan ba. Yonah ya je sau ɗaya, Mayi ba ta yanka masa ko ɗan tsako ba, kuma duk wanda ya san mu da kaza ya san abin da hakan ke nufi. Muka same ta a inuwar bishiyar fiya tare da Papa Makokha, ƙanen mahaifinmu, wanda shi ne babba a dangi yanzu. Ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni, amma ba a taɓa kayar da shi a magana ba.

"Ga mai kai wa mutanen nesa labarin sama," in ji Mayi. "Zauna. Ina ka baro mini maigidana?" Haka take kiran Natani tun yana goye.

"Mayi, Natani yana wurin Yesu."

"Ni da Yesu mun san juna tun ba a haife ka ba. Yaron nake tambaya. Yana zo mini a mafarki, ya tsaya a bakin shinge, ba ya shigowa, don ba wanda ya ce masa ya shigo."

Papa Makokha ya gyara sandarsa tsakanin gwiwoyinsa. "Ba mu ce ka je ka tono shi ba. Abin da aka yi wa ɗan maƙwabcinmu Wekhomba da kogin Nzoia ya tafi da shi, shi za mu yi. A sare kututturen ayaba daidai tsawon yaron, a naɗe a bargo, a kwantar kusa da kakansa, a kira sunansa ya san gida. Ranar Asabar. Kai ne ubansa, kai za ka fara zuba ƙasa."

"Papa, shekara nawa na yi ina gaya wa mutane su daina ajiye wa matattu shinkafa a ƙofar gida? Yanzu in dawo in binne ayaba? Da wane baki zan sake hawa bagade?"

"Da bakin da ka sha nonon tsohuwar nan."

"Ban yarda ba, Papa."

"Ba yardarka muka nema ba, gayyatarka muka yi. Yaron na dangi ne. Ka zo ko kada ka zo, Asabar za a haƙa."

Mayi ta kau da kai wajen gona. "In ba ka zo ba, kada ka kafa ko tsinke a ƙasar nan ina raye."

Na so in faɗa musu maganar Zipora a wurin, sai na ga in na faɗa, Mayi za ta ɗora wannan ma a kan Yonah, shi kuma ya ƙara kafewa. Na haɗiye, abin da ba halina ba.

Labari ya riga mu isa gari. Kafin yamma Dattijo Sifuna, shugaban kwamitin coci, ya tare Yonah a gaban rumfata.

"Fasto, mun riga mun tsara a ba ka babban cocin nan na hanyar Kitale. Sai kuma muka ji ana shirin wani abu na gargajiya a gidanku. Ka dai sani, mutumin da muka aika ya koya wa al'ummai hanya, in aka gan shi a irin wannan wuri..." Ya bar maganar a rataye, yana wasa da wakena a tafin hannunsa.

Na ce, "Dattijo, ko ka saya ko ka ajiye."

Ya ajiye. Amma saƙonsa ya shiga, na gani a fuskar ƙanena.

Ranar Juma'a da yamma na tsare Yonah a tsakar gida yana goge takalmin da zai sa a sujadar godiya.

"Yonah, matarka za ta tafi."

"Na sani, Yaya."

"Ka sani, kake zaune kana goge takalmi?"

"Ta gaya mini tun a jirgi. Ina addu'a."

"Addu'a tana da kyau. Ka taɓa zama kun yi maganar yaron nan da ita?"

Ya ci gaba da gugar takalmin da ya riga ya yi ƙyalli. "Mun yi addu'ar godiya a bakin kabari. Washegari Lahadi ce, na yi wa'azi, ita ta ja waƙa. 'Yan cocin sababbi ne, Yaya, idonsu na kanmu, suna so su ga yadda Kirista yake in ya yi rashi. In mun zube, su ma sun zube."

"Sai kuka tsaya ƙyam shekara biyu kamar turakun shinge."

"Me kike so in yi?"

"Da ba ubanmu ɗaya ba, da yau na zagi ubanka. Matar da ba ta iya rufe baki ta yi shiru shekara biyu a cikin ɗakinka, kana tambayata me za ka yi?"

Ya ajiye takalmin. Ya ce gobe zai je ya hana su Papa Makokha, ko da zai kwanta a cikin ramin ne. Na bar shi a wurin raina a ɓace, don na ga ko ya hana ko bai hana ba, motar Litinin tana nan.

Da safiyar Asabar Zipora ta fito da rigar cocinta fara, ta ce za ta bi mu ta yi wa Mayi sallama. Keziya ma ta biyo. Kafin mu isa, gida ya cika da dangi da maƙwabta, cikinsu har da ƙanwar matar Dattijo Sifuna, wadda na san ba ta'aziyya ce ta kawo ta ba. Samari sun riga sun haƙa rami kusa da kabarin mahaifinmu, a gefen gonar ayaba. Zipora ta ja ta tsaya a bakin shinge, ta ce za ta jira a gama. Yonah ya wuce ciki da Littafi Mai Tsarki a hannu, ya tsaya tsakanin ramin da mutane.

"Papa, Mayi, 'yan'uwa, ina roƙonku da sunan Ubangiji ku bar wannan abu."

"Ka matsa, ɗana," in ji Papa Makokha. "Za ka faɗa rami."

"Ba zan matsa ba."

Wasu samari suka fara kallon Papa Makokha, suna jira ya ce su ɗauke shi. Ni na fara naɗe zanina, don duk taurin kansa ƙanena ne, ba wanda zai taɓa shi a gabana. Ana cikin haka wani ɗan kawunmu ya fito daga ɗakin Mayi ɗauke da abin a hannu, an naɗe shi a ɗan bargon jarirai mai ratsin shuɗi. Shi kaɗai ya ɗauko, bai ko sunkuya ba.

Hotunan Natani mun sha gani a waya, amma hoto fuska yake nunawa. Kowa ya san shekarunsa a baki. Sai dai Papa Makokha ne ya auna da taimakon Mayi, kuma su biyun Natanin da suka sani shi ne wanda aka goya zuwa tasha. Daidai shi suka sare, daidai shi aka haƙa. Ni kaina na ga ɗan ramin nan da idona ban ga aibunsa ba.

"Mene ne wannan?"

Daga bakin shinge muryar ta fito. Kowa ya waiwaya. Zipora ta shigo, mutane na ba ta hanya, ta zo ta ɗaga gefen bargon ta duba.

"Wa ya auna?"

"Ni ne, 'yata," in ji Papa Makokha.

"Papa, wannan jariri ne. Ni ban binne jariri ba." Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, har da ni. "Haka kuke ganinsa? Duk shekarun nan haka kuke ganinsa?" Ta sa gefen hannunta a ƙarƙashin haɓarta. "Ɗana nan ya kawo mini. Ni na ɗinka masa wandon makaranta na ƙarshe, sai da na saki ƙafar wandon har ba sauran abin saki. Ku ba ni adda."

"'Yata, mace ba ta..."

"Ku ba ta," in ji Mayi.

Yonah ya ce, "Zipora." Ba ta ko kalle shi ba.

Ta shiga gonar ayaba da addar, muka bi ta a baya kamar tumaki. Ta wuce masu kauri, tana taɓa wannan tana barin wancan, har ta tsaya gaban wani siriri miƙaƙƙe. Ta ce, "Haka yake, duk ƙafa ne." Ta matsa ta jingina ƙirjinta da shi, ta sa farce ta yi alama daidai haɓarta, sannan ta fara sara daga gindi. Ruwan ayaba ya yi ta fallatsa a farar rigarta, kuma kowa ya san ba ya fita.

Tana sara tana magana. Da farko ƙasa-ƙasa, sannan muryar da na sani ta fara dawowa.

"Kwano biyu na shinkafa yake ci, Mayi, ya ce bai ƙoshi ba."

"Uku," in ji Keziya daga bayana.

"Uku. Kwaɗi yake kamowa a gona ya ce in soya masa. Kwaɗi, Mayi, jikanki, kuma na soya. Ba ya tsoron maciji amma in ɗan kwikwiyon maƙwabta ya yi haushi sai ya hau tsani a guje. Yana da tabo a gwiwar hagu, keken wani yaro ya hau ba birki. Yarenmu bai zauna a bakinsa ba, in ya yi sai mu yi ta dariya, amma ya iya kiran kakarsa Kukhu. Kullum yana tambaya ko kakarsa tana da haƙora, don wai tsofaffin can ba su da su."

Mayi ta toshe bakinta da ɗankwali, ta ce ta cikinsa, "Saura huɗu."

Wani ya yi dariya, dariyar ta koma kuka. Kututturen ya faɗi. Zipora ta datse kansa daidai alamar farcenta, ta ɓare busassun ɓawo, ta shafe shi da tafin hannu daga sama har ƙasa. Samari suka matso za su ɗauka, ta ce kada wanda ya taɓa. Ta sunkuya ta ɗaga gefe ɗaya. Kututturen ayaba ruwa ne zalla, ita kuma ba ƙarfi a jikinta, ya suɓuce. Ta sake gwadawa, ya sake suɓucewa. Sai ta ɗago ta kalli mijinta. Tun da suka sauka a tasha, lokacin na fara ganin ta kalle shi ido cikin ido.

Yana tsaye da Littafi a ƙirji, ƙanwar matar Sifuna tana tsaye a gefe ta zuba masa ido, Papa Makokha ya dogara da sanda, Mayi tana kallon ƙasa. Na san in ya tsaya a inda yake, ya tsira da bagadensa, amma matar nan ta tafi ke nan, ba za a sake ganinta a Kimilili ba. Tsayuwar ta yi tsawo har na fara neman abin da zan jefe shi da shi.

Sai ya miƙo mini Littafin. "Yaya, riƙe mini."

Ya durƙusa, ya zura hannu ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, ya ɗago shi shi kaɗai yadda ake ɗaukar yaron da barci ya sace a kan kujera. Ya yi 'yan taku ya tsaya.

"Bai kai wannan nauyi ba," ya ce. Ba da kowa yake ba. "Ranar da na ɗauko shi daga asibiti bai kai rabin wannan ba. Zipora, ba ki ɗauke shi ba ranar, ban bar ki ba. Ba nauyi ko kaɗan."

Ya zauna a ƙasa da kututturen a cinya, ya fashe da wani kuka da ban taɓa ji a bakinsa ba, ko ranar da mahaifinmu ya rasu. Zipora ta durƙusa ta riƙe kansa. Ni ma na yi nawa a tsaye, da Littafin wani a hannuna, ba na jin kunyar faɗa.

Dole aka ƙara tsawon ramin. Papa Makokha da kansa ya ce a kawo fatanya, muka tsaya muna jira samari na haƙa, shi kuma yana ta cewa a ƙara, a ƙara. Bargon jarirai bai rufe ko rabi ba, Mayi ta shiga ɗaki ta yayo na kan gadonta. Da aka zo kwantarwa Yonah ya share fuska ya ce, "Papa, ni ban ce ɗana yana cikin ayaba ba."

"Wa ya ce yana ciki? Mu ma ba mahaukata ba ne."

"To kira naka kiran, ni zan yi tawa addu'ar."

Tsohon ya kira sunan yaron, ya gaya masa sunan kakansa da na gidan, ya ce ya shigo. Yonah ya yi addu'a gajeriya, muryarsa na karyewa, sannan ya ɗebi ƙasa ya zuba. Zipora ta zuba, Keziya ta zuba. Ba wanda ya yi maganar Litinin, ni kuma tsoro ya hana ni tambaya.

Ranar Lahadi aka yi sujadar godiya, amma wani ne ya yi wa'azi. An zaunar da su a bencin gaba, an tafa musu, Dattijo Sifuna ya ce kwamiti zai sake zama a kan inda za a tura Fasto. Har yau kwamitin yana zama. Yonah darasin addini yake koyarwa a wata makarantar firamare, kuma in ka tambaye shi ko abin da ya yi ranar daidai ne, zai ce maka bai sani ba. Zipora ba ta ja waƙa ba ranar, ba ta kuma ce mini uffan ba a kan tafiya.

Litinin na tashi na tarar ba ta ɗaki. Yonah yana zaune a bakin ƙofa, ya ce ta fita tun da sassafe da jakarta ta hannu, bai tambaye ta ina za ta ba. Na ce masa wata magana da ba zan maimaita ba, na ja Keziya muka nufi tasha. Motar Nairobi tana lodi, na leƙa kujera-kujera har kwandasta ya tambaye ni ko ɓarawo nake nema. Ba ta ciki. Wani ɗan acaba ya ce ya kai matar Fasto ƙauye. Muka hau bayansa mu biyu, ina cewa a raina sallamar da ba ta yi wa Mayi ba ce ta je yi, daga can ta tare mota a hanya.

Muka same ta zaune a ƙasa kusa da sabuwar ƙasar, jakar a gefenta, waya a kunne. Ba magana take ba, sauraro take. Na buɗe baki, ta ɗaga mini hannu.

"Chantha ce, mulamwa," ta ce a hankali. "Na ce ta je wurinsa ta ajiye wayar a kan kabarin. Tana tafiya ta cikin gona, da ɗan nisa."

Muka tsaya. Ina jin numfashin matar can ta cikin wayar, da ƙarar takunta a taɓo. Can ta ce wani abu, sai shiru. Zipora ta gyara zama, ta riƙe wayar da hannu biyu, ta fara magana da yaren can, wanda shi ne yaren da yaron ya fi ji. Muryarta ba ta rawa, irin muryar da ake lallashin yaro ce in za a bar shi a gidan wani.

Na taɓa Keziya. "Me take cewa?"

Hawaye na bin hancin yarinyar.

"Senge," ta ce, yadda suke kiran gwaggo, "tana gaya masa ba za ta zo ba. Ta ce kada ya jira ta."